Li'irabin Suna Da Ɗafa-Ƙeyar Mallaka A Harshen Karacai-Balkar: Sharhi Bisa Jadawalin Da Aka Saba Bayarwa

1. Abin da ya jawo maganar

Duk wanda ya buɗe ɗaya daga cikin gajerun littattafan da ke bayanin harsunan dangin Turkanci, ya nemi babin harshen Karacai-Balkar, ba zai rasa jadawali biyu ba, suna maƙwabtaka da juna a shafi guda. Na farko yana jera li'irabin suna guda shida, kowanne da ɗafa-ƙeyarsa. Na biyu yana jera ɗafa-ƙeyar mallaka, watau 'yan gaɓoɓin da ake liƙa wa suna a nuna ko na wane ne. Jadawalan nan sun daɗe suna yawo daga wannan littafi zuwa wancan, har ta kai mai koyo yana haddace su kamar karatun allo, ya tashi yana zaton ya ƙure ƙirar suna a harshen.

Nufin wannan takarda shi ne a auna jadawalan nan biyu, a faɗi abin da suka yi daidai, a kuma nuna wuraren da suka bar mai karatu cikin duhu. Wani zai ce ina ruwan malamin Hausa da harshen mutanen da ke zaune a gindin duwatsun Kaukasus. To, mu ma da jadawali muke koyar da nahawu a makarantun horon malamai, kuma ɗalibin da muka ba jadawali yau, gobe shi zai tsaya gaban aji ya maimaita wa yara shi. In jadawalin ya ɓoye wani abu, ɓoyewar za ta bi ɗalibai bayan ɗalibai. Sau da yawa kuwa mutum ya fi saurin gane aibin hanya in an gwada masa ita a harshen da ba nasa ba, gama sabo yakan rufe masa ido ga harshen da ya sha a nono.

2. Harshen da masu shi

Karacai da Balkar jama'a biyu ne masu harshe ɗaya. Musulmi ne, suna zaune a arewacin duwatsun Kaukasus cikin ƙasar Rasha, dutsen Elburus yana tsakaninsu. Dutsen nan mai tsawon mita 5,642 su Mingi Tau suke kiransa. Karacai suna yamma da shi, a jamhuriyar Karacai-Cerkesiya wadda babban birninta Cerkesk. Balkar suna gabas, a jamhuriyar Kabardino-Balkariya wadda babban birninta Nalcik. Ƙidayar da aka yi a Rasha a 2010 ta sami masu jin harshen sun ɗan haura 300,000. A cikin dangin Turkanci, harshen na reshen Kipcak ne. Kumik na ƙasar Dagestan ɗan'uwansa ne na kusa, Tatar da Kazak kuma 'yan reshe ɗaya ne da shi, amma Turkancin ƙasar Turkiyya na wani reshe ne dabam.

Da ajami aka fara rubuta shi. A shekarun 1920 aka koma baƙaƙen Latin, sa'an nan wajen 1937 zuwa 1938 aka koma baƙaƙen Rasha, waɗanda har yau da su ake aiki. A watan Nuwamba na 1943 gwamnatin Stalin ta kwashe Karacai kaf zuwa Kazakistan da Kirgizistan, a ran 8 ga Maris 1944 ta yi wa Balkar haka, ba a kuwa buɗe musu hanyar komowa gida ba sai a 1957. Cikin shekarun nan karatu da ɗab'i a harshen sun tsaya.

Masana sun daɗe a kansa. Wilhelm Pröhle na ƙasar Hungari ya fitar da bincikensa kan Karacai a 1909. Umar Aliyev, ɗan ƙasa, ya buga nahawun harshen a 1930. Omeljan Pritsak ya yi masa bayani da Jamusanci a 1959, aka buga babban nahawu a Nalcik a 1976 ƙarƙashin kulawar N. A. Baskakov, Steve Seegmiller kuma ya fitar da ɗan taƙaitaccen littafi da Ingilishi a 1996. Ba waɗannan ayyuka muke tuhuma ba. Abin da muke dubawa shi ne jadawalin da ake tsamowa daga irinsu, a raba shi da bayanin da ke kewaye da shi.

Za mu rubuta misalai da boko. Wasulan harshen takwas ne: huɗu na ƙurya, a, ı, o, u, da huɗu na gaba, e, i, ö, ü. Baƙin c da j da sh a karanta su kamar na Hausa. Baƙin q da gh da kh daga can ƙuryar baki suke fitowa.

3. Jadawalin, da abin yabo a cikinsa

Ga na li'irabi, bisa kalmomin üy, gida, da tau, dutse:

Tsurar suna: babu ɗafi. üy, tau.
Karɓau: -NI. üynü, taunu.
Mallaka: -NI. üynü, taunu.
Nufi, watau "zuwa" ko "wa": -GA. üyge, taugha.
Zama, watau "a": -DA. üyde, tauda.
Fitowa, watau "daga": -DAn. üyden, taudan.

Ga na mallaka, bisa ata, uba, da üy:

Nawa: -Im. atam, üyüm.
Naka ko naki: -Ing. atang, üyüng.
Nasa ko nata: -(s)I(n). atası, üyü.
Namu: -IbIz. atabız, üyübüz.
Naku: -IgIz. ataghız, üyügüz.
Nasu: -(s)I(n), kamar na "nasa".

Kafin suka, a ba jadawalin haƙƙinsa. Manyan baƙaƙen nan da aka rubuta ɗafin da su dabara ce mai kyau ƙwarai. A harshen akwai jituwar wasula, watau wasalin ɗafi yana bin wasalin ƙarshe na saiwa. Babban A yana tsaye a madadin a ko e. Babban I yana tsaye a madadin huɗu, ı, i, u, ü, gwargwadon ko wasalin da ya gabace shi na ƙurya ne ko na gaba, da kuma ko an kewaye leɓɓa wajen faɗinsa. Saboda haka at, doki, ya ba da atnı. El, ƙauye, ya ba da elni. Qol, hannu, ya ba da qolnu. Köz, ido, ya ba da köznü. Babban G kuma yana tattara ge na üyge da gha na taugha da kha na atkha. Da layi ɗaya an ɗauke wa mai koyo haddar siffofi masu yawa, an kuma koya masa cewa abin da ya bambanta a kunne yana iya zama abu guda a nahawu. Wannan darasi ne na gaske. Abin mamaki shi ne jadawalin da ya koyar da shi ya kasa koyar da kishiyarsa, watau cewa abin da ya zama ɗaya a kunne yana iya zama biyu a nahawu.

4. Layi biyu, ɗafi ɗaya

Mai karatu ya riga ya lura layin karɓau da na mallaka ba su da bambanci ko na ɗigo. Jashnı kördüm, na ga yaron. Jashnı atı, dokin yaron. Kalmar jashnı ɗaya ce a wurin biyu. Jadawalin ya jera su bai ce uffan ba, ya bar ɗalibi mai hankali da ɗayan zato biyu, kowanne kuwa kuskure ne. Ko ya ce li'irabin biyar ne, an raba ɗaya biyu don a cika lissafi. Ko kuma ya ce shida ne don manya sun faɗa, ya haɗiye ba tare da hujja ba. Na farko ya ɓata, amma na biyu ya fi shi hasara, gama ya koyi karɓar nahawu ba tare da tambaya ba, haka kuma zai koyar.

Tarihi ya bayyana yadda aka yi layukan suka haɗu. A yawancin harsunan dangin, ɗafin mallaka yana ƙarewa da baƙin hanci. Turkancin Turkiyya yana cewa evin, na gida, amma evi in gidan karɓau ne. Kazak yana cewa üyding da üydi. Karacai-Balkar ya yar da baƙin nan na ƙarshe, kamar yadda Kumik ya yi, sai ɗafin mallaka ya faɗa kan na karɓau. Har akwai jimlar da wannan ya sa ta zama mai fuska biyu. Jashnı atası kördü tana iya nufin "uban yaron ya gani", tana kuma iya nufin "yaron, ubansa ya gan shi". Turkancin Turkiyya ya raba su, yana cewa çocuğun a ta farko, çocuğu a ta biyu.

Amma fa tarihi ba ya isa hujja. Yaron da ke koyon magana a Nalcik bai san abin da kakanninsa suka yar ba. In za a ce li'irabin biyu ne a yau, sai a nuna wurin da harshen yau ya raba su. Wurin kuwa yana nan, sai dai ba a cikin jadawalin farko yake ba. Yana wurin da jadawalin biyu suka gamu. In suna yana ɗauke da ɗafin "nasa", karɓau -n kaɗai yake ɗauka, mallaka kuwa -nI cikakke:

atasın kördüm, na ga ubansa
atasını üyü, gidan ubansa
üyün kördüm, na ga gidansa
üyünü eshigi, ƙofar gidansa

Ga gwaji mai sauƙi wanda malami zai iya yi a allo. Duk inda aka tarar da jashnı ana shakkar wane ne, a cire shi a sa atası a gurbinsa. In harshen ya ba da atasın, karɓau ne. In ya ba da atasını, mallaka ce. A jimlar jashnı atın kördüm, na ga dokin yaron, ga su duka biyun jere da juna: jashnı mallaka, atın karɓau. Kama da wane ba ta wane.

Malamanmu na zaure ba za su ga baƙon abu a nan ba. Wanda ya karanta Ajurumiya ya san Zaidun da Zaidan da Zaidin, ya kuma san a jam'in maza lafiyayye muslimuna ne kaɗai ya ware, nasabu da jarru duka muslimina ne. Haka yake a tasniya, haka a jam'in mata lafiyayye, haka kuma sunan da ba ya karɓar tanwini, irin su Ahmad, yakan ɗauki fataha a gurbin kisira. Ba a taɓa jin wani malamin nahawu ya ce jarru ya ɓace a waɗannan wurare ba. Abin da suka ce shi ne wata alama ta tsaya a madadin wata, gama bambancin ya tabbata a wani wuri cikin harshen. Bambancin Larabci da Karacai-Balkar na yawa ne kawai: a Larabci haɗuwar ce togiya, a Karacai-Balkar rabuwar ce togiya. Ƙa'idar ɗaya ce. Saboda haka lissafin shida daidai ne, amma jadawalin ya ba da sakamako ya ɓoye hujja.

5. Inda jadawalin biyu suka gamu

Aibi na biyu ya fi na farko faɗi. Da yake an ajiye jadawalan dabam dabam, mai koyo yana ɗauka aikinsa jerawa ne kurum: saiwa, sa'an nan jam'i, sa'an nan mallaka, sa'an nan li'irabi. Jerin daidai ne, kuma wani lokaci yana fita sarai, kamar üy-ler-ibiz-den, daga gidajenmu. Amma a wurare da dama gaɓoɓin suna sāke kama in sun haɗu, jadawalin kuwa bai gargaɗe shi ba.

Bayan ɗafin "nawa" da na "naka", n na -NI yana faɗuwa, haka ma G na -GA. Wanda ya bi jadawali zai gina siffar da ba ita ake faɗi ba. Abin da ake faɗi shi ne atamı kördüng, ka ga ubana. Atamı üyü, gidan ubana. Atama berdim, na ba ubana. Atangı, atanga, ga "ubanka". Amma bayan "namu" da "naku" ɗafin yana komowa cikakke: atabıznı, atabızgha.

Bayan ɗafin "nasa" kuma wani n yana tsirowa kafin li'irabi: atasına, ga ubansa, üyünde, a gidansa, üyünden, daga gidansa. Shi ne n ɗin nan da jadawalin ya rataya cikin baka biyu bai faɗi ranar amfaninsa ba. Irinsa ne yake fitowa a wakilin suna ol, shi ko ita, wanda yake zama anı, anga, anda, andan.

Jam'i ma yana da nasa. Ɗafinsa -la ko -le ne: atla, dawaki; üyle, gidaje. Haka yake zama gaban li'irabi: üyleni, üylege, üylede, üyleden. Amma da zarar ɗafin mallaka ya biyo, sai tsohon r na -lar da -ler, wanda sauran dangi suka riƙe, ya sake bayyana: üylerim, gidajena, atlarıbız, dawakinmu. Wannan ya kai mu ga layin ƙarshe na jadawalin mallaka, inda aka ce "nasu" daidai yake da "nasa". Maganar ba ta cika ba, gama üyleri yana iya zama gidajensa, ko gidansu, ko gidajensu, sai an sa anı ko alanı a gaba, ko kuwa zance ya nuna. Har saiwar kanta tana motsi: kitap ya zama kitabı, eshik ya zama eshigi, ayaq, ƙafa, ya zama ayaghı.

Duk waɗannan ba ƙananan togiya ba ne da za a tura ƙasan shafi. Mutum ya fi yawan magana a kan ubansa da gidansa da hannunsa bisa ga uba da gida da hannu na kowa da kowa. Ashe wurin da jadawalin ya yi shiru shi ne wurin da bakin mai magana ya fi zama.

6. Sunan da ba shi da ɗafi

Littattafai sun saba kiran layin farko da sunan li'irabin aikau, bisa al'adar nahawun Latin da na Rashanci. Mu mun kira shi tsurar suna da gangan. Gaskiya ne aikau ba ya ɗaukar ɗafi: atam keldi, ubana ya zo. Amma ba aikau kaɗai ke zuwa tsura ba.

Karɓau ma yana zuwa tsura in ba wani sananne ake nufi ba. Kitap oqudum, na karanta littafi. Kitapnı oqudum, na karanta littafin. Watau -NI na karɓau aiki biyu yake yi, yana nuna karɓau, yana kuma yin wani abu kusa da aikin madanganci a Hausa, -n da -r na "littafin" da "rigar". Ɗalibin da aka gaya masa cewa karɓau -NI ne kawai zai liƙa shi ko'ina, ya mai da kowane littafi "littafin".

Suna yana zuwa tsura in yana fayyace irin wani suna: ana til, harshen uwa. Sunan harshen kansa haka yake, qaracay-malqar til, babu ɗafi a kan ko ɗaya, alhali Turkancin Turkiyya yana cewa Türk dili da ɗafin "nasa". Yana kuma zuwa tsura gaban 'yan kalmomin da ke bin bayan suna, irin su bla, da, da ücün, domin: atam bla, da ubana. Wakilin suna kuwa a wurin nan siffar mallaka yake ɗauka: meni bla, da ni, anı ücün, dominsa, ko saboda haka. Kalmar bla ba ta bin jituwar wasula, ana cewa atam bla, ana cewa egecim bla, da 'yar'uwata, wannan kuwa hujja ce mai kyau ta barinta a wajen jadawalin li'irabi. Ita ma hujjar ba a faɗe ta ba.

Haka sunayen sauran layukan suke rage musu aiki. Wanda muka kira na fitowa shi ne kuma na gwada fifiko: Mingi Tau bashkha tauladan biyikdi, Mingi Tau ya fi sauran duwatsu tsawo. Abin da Hausa ta ɗora wa aikatau "fi", su sun ɗora wa "daga".

7. Mallaka mai alama biyu

Aibi na ƙarshe shi ne jadawalin bai nuna cewa layin mallaka na cikinsa rabin gini ne ba. A jashnı atı alama biyu ce: -nı a kan mai abu, -ı a kan abin. Kamar a ce "na yaro dokinsa". Haka meni atım, dokina, ko sunana, gama at doki ne, suna ne kuma. Ana iya barin meni a ce atım, ma'ana ba ta ragu ba. In kuma ana so a ce "nawa ne" ba tare da ambaton abin ba, akwai wata siffa dabam, meniki, bizniki, kwatankwacin doguwar mallaka a Hausa.

A nan gwadawa da Hausa tana da amfani na gaske. A "dokin yaro" alama ɗaya ce, a kan abin da aka mallaka take, tana kuma bin jinsinsa: dokin yaro, rigar yaro. Mai abu bai ɗauki kome ba. Larabci ya sa alamar a kan mai abu, ya ba shi jarru. Karacai-Balkar ya sa wa kowanne tasa, ba ya kuwa kula da jinsi ko kaɗan. Hanya uku ke nan zuwa wuri guda, kuma wanda ya ga ukun ba zai ƙara ɗaukar ɗaya a matsayin ma'aunin sauran ba.

A kan ginin nan harshen ya ɗora abubuwa da yawa. Ba shi da aikatau na "mallaka" irin na Turawa. Yana cewa meni atım bardı, dokina akwai, watau ina da doki. Meni atım joqdu, dokina babu. Da shi kuma yake nuna wuri: üynü icinde, cikin gida, üynü allında, gaban gida, üynü artında, bayan gida, taunu bashında, a kan dutse. Ic ciki ne, art baya ne, bash kai ne. Bahaushe zai gane wannan nan take, gama "cikin" da "bayan" da "kan" namu ma sunaye ne da mahaɗi a jikinsu. Kowace ɗaya daga cikin kalmomin nan tana ɗauke da ɗafin "nasa", da n mai tsirowa, da li'irabin zama. Wanda bai san sashe na 5 ba, ko "a cikin gida" ba zai iya ginawa ba.

8. Abin da ya shafe mu

Waɗanda suka fara rubuta nahawun Hausa da boko, irin su Schön a 1862 da Robinson a 1897, mutane ne da suka tashi da nahawun Latin da Girkanci, kuma awon da mutum ya tashi da shi da shi yake fara auna baƙon abu. Ƙa'idar da muka tsayar a sashe na 4 ita ce za ta raba gardama a nan ma. Mun yarda da li'irabi biyu a Karacai-Balkar domin akwai wurin da siffa ta raba su. A Hausa babu wurin da siffar suna ta raba aikau da karɓau: yaro ya ga doki, doki ya ga yaro. Saboda haka babu dalilin jera wa sunan Hausa li'irabi. Ba a rage layi don siffa ta yi kama, ba a kuma ƙara layi don wani harshe yana da shi.

Abin da Karacai-Balkar ya rubuta a ƙeyar suna, Hausa ta rubuta wani sashensa a ƙeyar aikatau. F. W. Parsons ya tsara wannan a 1960 cikin bayaninsa na azuzuwan aikatau: abin da na saya, na sayi doki, na saye shi. Wani sashen kuma tana nuna shi da "wa" da "ma" da "a" da "daga". Abin da ya fi kusa da li'irabin zama a wurinmu shi ne 'yan siffofin nan na bayanau, "a ka" daga kai, "a baka" daga baki, "a zuci" daga zuciya, su kuwa ba kowane suna ke da su ba.

Kuma jadawalinmu na gajeriyar mallaka yana da irin ramin da muka gani. Muna koya wa yara mahaɗi -n ko -r, sa'an nan wakilin suna: dokinka, rigarka, dokinsa, rigarsa. Da an zo kan mai magana sai tsarin ya karkace, a ce dokina, rigata. Yaron Bahaushe ba zai yi kuskure ba, gama bakinsa ya riga littafin sani. Amma ɗalibin da Hausa ba harshen gidansu ba ce, irinsu kuwa suna da yawa a azuzuwanmu, shi jadawalin ne jagoransa.

Shawararmu ga mai rubuta babin Karacai-Balkar ita ce ya bar jadawalan nan biyu yadda suke, gama suna da amfani, amma ya ƙara na uku wanda ya auri biyun: li'irabi shida a tsaye, masu mallaka shida a kwance, da layin sunan da ba a mallaka ba, gida 42 ke nan. Ya cika shi sau biyu, da suna mai ƙarewa da wasali kamar ata, da mai ƙarewa da baƙi kamar at. Shafi ɗaya zai ci. A cikinsa atasın da atasını za su zauna kusa da juna, ɗalibi ya ga hujjar shida da idonsa. A ƙarƙashin kowane layi kuma a sa cikakkiyar jimla ko da guda ce, gama li'irabi aikin suna ne a cikin jimla, ba a ganinsa a kalma tsura.

Ga malaman Hausa kuwa, duk jadawalin da za mu rubuta a allo, ya kamata mu fara tambayar kanmu abu biyu. Kowane layi da muka ja, ina misalin da ya tilasta mana jansa? Kuma in aka haɗa jadawalin nan da na jiya, wane gida ne zai karkace? In mun amsa su kafin shiga aji, ɗalibi zai fita da hujja a hannunsa, ya iya kare abin da ya koya, ya kuma iya gyara shi in wata rana ya tarar da misalin da mu ba mu gani ba. Allah ya sa mu dace.